Aku da Ɗan Sarki: Hankali da Zuciya a Magana Jari Ce

Tun kafin zuwan boko, yaran Hausawa sun san wayo ta bakin kakanninsu, domin Gizo ne gwarzon tatsuniya. Sai dai wayon Gizo na cikinsa ne kawai. Ba ya tausayin Ƙoƙi, balle baƙo. Da aka zo rubuta wa ɗaliban makaranta littafin karatu, sai tambaya ta taso: wane irin mai wayo za a ɗora a gaban yaro?

A shekarar 1936 Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ya gayyato Malam Abubakar Imam daga Makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya. Imam yana da shekara 25 a lokacin, kuma Ruwan Bagaja ya riga ya fito da sunansa a gasar 1933. Cikin kimanin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, aka fara buga shi a 1937. Ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwa Grimm da wasunsu, amma ginshiƙin littafin, wato aku mai tsare mutum da hira har gari ya waye, asalinsa ƙasar Indiya ne, ya biyo ta Farisa.

A nan ne muke ganin hannun Imam. A labarin Indiya, matar aure ce akun yake hana ta fita wurin kwarto. Imam ya sauke wannan kaya gaba ɗaya. Wanda ake tsarewa a littafinsa yaro ne, Musa ɗan Sarki Abdurrahman, kuma abin da ke jan sa waje begen Mahmudu ne, ɗan 'yar'uwarsa da suka tashi tare, wanda ya tafi yaƙi da mutanen Sinari. Babu abin kunya a wannan bege. Duk yaron da aka taɓa raba shi da abokin wasansa ya san zafinsa. Illa dai in Musa ya bi zuciyarsa ya ƙetare ƙofar fada, makircin Waziri na jiran sa.

Shi kansa Wazirin mai kaifin basira ne, kada mu manta. Ke nan Imam bai aza hankali a gefe guda da zuciya a ɗaya gefen ya ce yaro ya zaɓa ba. Masu basira biyu ya kawo, ɗaya ya ci amanar ubangidansa, ɗaya ya riƙe ta. Kuma akun bai taɓa cin nasara da hujja tsagwaronta ba. Da wa'azi ya yi wa Musa, da tun daren farko yaron ya ɗaura sirdi. Labari yake ba shi, mai ban dariya ko ban tausayi ko ban tsoro, har asuba ta riske su. Da zuciyar ya kama zuciyar, kamar yadda unguwarzoma ke lallashi kafin ta ba da magani mai ɗaci.

Duk da haka ba za mu ce ma'aunin ya daidaita ba. Malamin makaranta ne ya rubuta littafin, kuma aku aka naɗa waziri. A littafi na biyu hira ta koma gasa tsakaninsa da wani aku, Haziƙ. A na uku kuma ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih dabarun ba da labari. Labaran ba su rage daɗi ba, amma babu sauran ran da ke rataye a kansu. A ganinmu shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda suka karanta littattafan uku a firamare, in aka tambaye su, Musa suke fara tunawa, tsaye gaban aku da dare, ya zo sallama.