Zaɓen 1959 da Gwamnatin Haɗin Gwiwa a Nijeriya

A ranar 12 ga Disamba, 1959, aka yi zaɓen da zai fitar da waɗanda Turawa za su miƙa wa mulkin Nijeriya. Kujeru 312 ne a Majalisar Wakilai, watau sai jam'iyyar da ta sami 157 za ta iya mulki ita kaɗai. NPC ta sami 134, NCNC da ƙawarta NEPU suka sami 89, Action Group kuwa 73. Babu wadda ta kai.

Abin lura shi ne, 89 da 73 sun tashi 162. Ke nan da Dokta Azikiwe da Cif Awolowo sun shirya, da sun kafa gwamnati ba tare da NPC ba. To amma gabar da ke tsakaninsu tun 1951 ba ta huce ba, ga kuma tsoron kada Arewa, mai kujeru 174, ta ɓalle. Saboda haka NCNC ta bi NPC, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama Firayim Minista, Azikiwe ya zama Shugaban Majalisar Dattawa, Awolowo ya zama jagoran 'yan hamayya. NEPU kuwa ta wayi gari ƙawarta tana cin tuwo da abokiyar gabarta.

Sai dai muƙamai aka raba, ba a daidaita a kan manufa ba. Da rigimar ƙidayar 1963 ta taso, zaman ya gagara, har zaɓen 1964 ya tarar da NPC da NCNC sun ja dāga da juna, alhali ministocinsu suna zaune a majalisa ɗaya.