Mazubin Turaren Wuta da Tarihin Jere a Kudancin Jigawa

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, har da garuruwa irin su Dingaya, waɗanda ke cikin Jihar Kano kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, turaren wuta yana cikin kayan da ɗakin amarya ba ya cika sai da su. Shi turaren wuta haɗi ne na itatuwa masu ƙamshi, kamar sandal da hawi, da ake jiƙawa da turaren ruwa a haɗa da sukari, sannan a barbaɗa a kan garwashi cikin kasko, wato ɗan mazubin yumɓu da magina tukwane ke ginawa, kuma tuni aka sallama wa matan Barno cewa su ne gwanayen haɗa shi.

Sai dai kaskon bai taɓa samun martaba ba, domin alfaharin ɗaki yana ga jere, wato kayan da iyaye ke yi wa 'yarsu a tsara su a jikin bango ko cikin kabad. Da can ƙore da faya-fayai ake jerawa, sannan tasoshin ƙarfe suka shigo, daga baya kwanuka masu fenti irin su langa da fanteka suka mamaye ɗakuna, musamman bayan da 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa masana'antunsu a Nijeriya cikin shekarun 1960, kafin tangaran ya karɓe kabad. Kowane sabon yayi yakan kori na gabansa, har ta kai ga kayan kaka sun ƙare a hannun masu gwangwan.

Mutanen Japan sun bi wata hanya dabam. A bikinsu na shan shayi, wanda Sen no Rikyu (1522 zuwa 1591) ya daidaita ƙa'idojinsa, mai masauki yakan ɗebo turare daga ɗan ƙaramin mazubi mai murfi ya sa a garwashin dafa ruwa, sannan baƙi su nemi a ba su mazubin su duba. Na tangaran ake fitarwa lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Afrilu, kuma cikin mafi daraja akwai masu zanen shuɗi da aka gasa a Jingdezhen ta ƙasar Sin a ƙarshen daular Ming, wajen 1620 zuwa 1644. Wasu ma asali na zuba kayan kwalliya ne, amma aka adana su cikin akwatuna masu ɗauke da sunayensu, har a 1855 aka buga jadawalin da ya jera su bisa daraja.

Abin takaici ne cewa tasar da uwa ta gada ta bar wa 'yarta ba ta da wannan gata a ƙasar Hausa, alhali tana ɗauke da tarihin fatauci da aure da dukiyar mata. Ya kamata iyalai a Birnin Kudu da Gwaram su daina sayar da tsofaffin kayan jere, su kuma rubuta sunan wadda ta mallaki kowane ɗaya da zamanin aurenta tun dattawan da suka sani suna raye.