Tawada, Takarda da Bore: Nazari kan Zanen Ɗab'i daga Zariya zuwa Agege

Hoton da mai zane ya yi da buroshi guda ɗaya ne tak, wanda ya saya shi ke da shi. Amma idan aka sassaƙa zanen a kan katako ko farantin ƙarfe, aka shafa masa tawada aka danna a kan takarda, sai ya haifi ɗaruruwa, kamar yadda hatimi ke yi. Wannan yawan shi ne asalin ƙarfin zanen ɗab'i a siyasa. Hukuma na iya ƙwace hoto ɗaya, amma ba ta iya bin bango bango ta ɓamɓare dubu.

Masu juyin juya hali sun daɗe da gane haka. A Meziko, masu zane sun kafa Taller de Gráfica Popular a 1937, suna buga wa manoma da ma'aikata hotuna masu araha. A Sin, marubuci Lu Xun ya ƙarfafa wa matasa gwiwar sassaƙar katako tun 1931. Ɗaliban Faris kuwa, a watan Mayun 1968, sun mayar da makarantar zane maɗaba'ar fastoci.

A Nijeriya, tushen wannan fasaha ta zamani yana Zariya. A 1958 wasu ɗaliban kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar masu zane don ƙin kwaikwayon Turai ido rufe. Onobrakpeya ne ya rungumi ɗab'i, ya koma Legas ya zauna a Mushin. Ayyukansa sun taɓo kwararowar hamada, sun kuma yi juyayin rataye Ken Saro-Wiwa a 1995. Gwani ne wanda ba a ja da shi. Sai dai aikinsa, saboda tsada da ƙarancin bugu, ya fi zama a ɗakunan baje koli da gidajen masu hali.

Wanda zanensa ya sauko titi ɗan Agege ne. An haifi Lemi Ghariokwu a wannan unguwa a 1955, unguwar da jirgin ƙasa da fataucin goro suka tara Hausawa har suka kafa zango. Daga 1974 ya fara zana wa mawaƙi Fela Kuti bangon faifai, har ya yi guda 26. Ba da hannu ake danna nasa ba, injin maɗaba'a ke bugawa, don haka wasu masana za su ce bai shiga sahun masu zanen ɗab'i na ainihi ba. Ni ban ga dalilin fitar da shi ba. Abin dubawa shi ne inda hoton ya kai da abin da ya aikata. Bangon faifan Beasts of No Nation na 1989 ya nuna Reagan da Thatcher da Botha cikin siffar dodanni. Mai sayar da goro da bai ji Turancin Fela ba, idan ya ga bangon a shagon faifai, ya fahimci zancen. Gidan Fela, Kalakuta, a kan titin Agege Motor Road yake, kuma sojoji suka ƙone shi ranar 18 ga Fabrairun 1977, bayan fitowar faifan Zombie. Murya da hoto tare suka ja wannan fushi.

To, ina Bahaushe a cikin wannan tarihi? A nan ne nake ganin masu nazari sun yi sakaci. Gaskiya ne boren Hausawa ya fi dogara ga kalma: waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin, da wa'azi, da rubutun ajami da ake kwafa hannu zuwa hannu. Ƙyamar da malamai da yawa ke yi wa zanen mai rai ita ma ta taƙaita hoto. Amma hakan bai hana tambari aiki ba. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, tana da tauraro. NPC tana da fartanya. A zaɓen 1959 alamar jam'iyya ake liƙawa a jikin akwati, mai zaɓe ya jefa ƙuri'arsa a wanda ya gane. Ke nan ga talakan da bai yi boko ba, ɗan zanen nan shi ne dukan manufar jam'iyya. A jamhuriya ta biyu mabuɗin PRP ta Malam Aminu Kano ya yi irin wannan aiki, yana fuskantar gida da masarar NPN. Mabuɗi zane ne mai sauƙi wanda kowane mai fenti zai iya yankewa a jikin kwali ya buga a bango ko riga, kuma ma'anarsa ba ta buƙatar tafinta.

Wannan ya fi muhimmanci a wuri irin Agege, inda Bahaushe da Bayarabe ke cin kasuwa ɗaya da harsuna biyu. Hoto shi ne harshe na uku. A zaɓen 12 ga Yunin 1993 fastocin ɗan takarar shugaban ƙasa Abiola sun cika Legas, kuma ya kayar da Bashir Tofa har a Kano, jihar Tofa. Da aka soke zaɓen, mujallu irin su Tell da TheNews da Tempo suka koma bugawa a ɓoye, bangonsu na ɗauke da hotunan da ke magana tun kafin a buɗe shafi.

Abin da ke damuna shi ne takarda ba ta jure ruwa da gara. Bangayen faifan Lemi sun tsira domin duniya ta ɗauke su fasaha, an baje kolinsu a ƙasashen waje. Fastocin 'yan Sawaba na NEPU, da kalandun shehunai da ake ratayewa a shaguna, da atamfofin da aka buga wa fuskokin 'yan takara, su kuwa an ɗauke su kayan yayi, ana yarwa da zarar zaɓe ya wuce. Ina kira ga ɗalibanmu na tarihi da na zane a Zariya da Kano da Legas su shiga zangon Agege, su zauna da dattawa, su nemi abin da ya rage a ƙasan akwatuna, su ɗauki hotonsa tare da sunan wanda ya buga da shekarar bugawa. Mai karatu, idan akwai irin wannan takarda a gidanku, a adana ta.