Sha Biyu da Biyu Bisa Uku: Lissafin da Ya Naɗa Shugaban Ƙasa

Duk wanda ya yi wayo a shekarar 1979 ba zai manta da gardamar da ta biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na ranar 11 ga Agusta ba. Mutum biyar suka tsaya: Alhaji Shehu Shagari na NPN, Cif Obafemi Awolowo na UPN, Dokta Nnamdi Azikiwe na NPP, Malam Aminu Kano na PRP, da Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP.

Waɗanda suka tsara dokar zaɓen ba su manta da yadda ƙabilanci ya rusa Jamhuriya ta Farko ba. Don haka suka ce yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba. Tilas ɗan takara ya sami aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu bisa uku na jihohin ƙasar. Niyya ce mai kyau, sai dai a lokacin jihohin Nijeriya 19 ne, kuma 19 ba ta rabuwa uku daidai.

Shagari ya fi kowa ƙuri'a, kimanin miliyan 5.7, Awolowo na biye da miliyan 4.9. Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, amma a Kano, inda PRP ta yi kaka-gida, abin da ya samu bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Awolowo ya ce jiha ba ta gutsuruwa, saboda haka 13 ake nufi, sai a tafi zagaye na biyu. Lauya Richard Akinjide ya ce a'a, sha biyu ne da biyu bisa uku na jiha ta sha uku, wato kashi ɗaya bisa shida na ƙuri'un Kano ya wadatar. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta karɓi wannan lissafi. Ranar 26 ga Satumba Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi, Mai Shari'a Kayode Eso kuwa ya ƙi yarda. Aka rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba a kan wa'adin shekara huɗu. Ya sake cin zaɓe a 1983, soja suka kifar da shi ranar 31 ga Disamba na wannan shekara.

Tsarin mulkin 1999 ya gaji sharaɗin. Jihohi 36 sun rabu uku lafiya lau, amma da aka ƙara "da Abuja" a jimlar, sai ga sabuwar shari'a a 2023: shin dole ne a sami kashi ɗaya bisa huɗu a Abuja ita kanta? Kotun Ƙoli ta ce ba dole ba ne.

To, 'yan'uwa marubuta, sau biyu ke nan shugabancin ƙasa yana rataya a kan jimla guda. Kafin ka miƙa rubutunka, sake karanta kowace jimla ka tambayi kanka: mai neman gardama zai iya yi mata fassara biyu?