Ajin Aiki da Ajin Hujja

A makon farko da na isa wata jami'a a tsakiyar Amurka, cikin ƙarshen watan Agusta, aka miƙo mini takardar zaɓen darussa. Kusan komai an riga an cike mini, sai layi ɗaya da aka bari fili, wato darasin kalkulas, lissafin da ke auna saurin canjin abubuwa da taruwarsu. Aji biyu ne. Na farko shi ne na kowa da kowa, mai ɗaukar ɗalibai ɗaruruwa a babban zaure. Na biyu ƙaramin aji ne da sunansa na Turanci ke nufin karramawa, inda ba a yarda da kowace ƙa'ida sai an kafa mata hujja. Ni dai a zuciyata na raɗa musu suna: ajin aiki da ajin hujja.

Malamar da ke ba ni shawara, dattijuwa ce mai furfura, ta leƙo ta saman tabarau ta tambaye ni ko na taɓa rubuta hujja a lissafi. Na ce, "Farfesa, na ci Ƙarin Lissafi a jarrabawar WAEC da maki mai kyau." Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba. Ta ba ni mako biyu in gwada, in ya gagara in koma babban zaure ba tare da an rubuta mini komai ba. Abin da ban faɗa mata ba shi ne tallafin karatuna yana rataye da makina. In ya faɗi ƙasa da abin da aka gindaya, sai gida. Kawuna, wanda ya sayar da fili don kuɗin jirgina, ya ce mini ta waya, "Ɗana, ka bi inda jama'a suka bi."

Cikin makonni biyun nan na fara karanta tarihin darasin, don neman kuɓuta daga aikin gida da ya tsaya mini a wuya. Sai na tarar rigimar da ke kan takardata ta girmi jami'ar da nake ciki.

Isaac Newton ya ƙirƙiro hanyarsa a 1665 da 1666, lokacin da annoba ta sa aka rufe jami'ar Kambirij ya koma gidansu na ƙauye. Gottfried Leibniz, Bajamushe, ya iso wurin ta tasa hanyar a Faris wajen 1675, ya kuma riga Newton bugawa, a 1684, a wata mujallar masana ta Laifzig. Alamominsa, wato dx da doguwar S ta tarawa, su muke rubutawa har yau. Takaddamar wa ya riga wa ta ci mutuncin su biyun. Rahoton da ƙungiyar masana ta Landan ta tsara a 1712 ya ba Newton gaskiya, alhali shi ne shugaban ƙungiyar kuma shi ya rubuta rahoton a ɓoye. Wannan labarin kowa ya sani, kuma bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne dukansu biyu sun gina gida a kan harsashin da ba su iya kwatanta shi ba.

Ga yadda abin yake, kamar yadda aka koya mini a sakandare. Ana so a san saurin canjin x². Sai a ƙara wa x wani ɗan ƙanƙanin abu, a kira shi h. Bambancin da aka samu shi ne 2xh + h². A raba shi da h, ya zama 2x + h. Daga nan a ce ai h ba komai ba ne, a jefar da shi, saura 2x. Na yi wannan sau ɗari ban taɓa jin ƙaiƙayi ba. George Berkeley, wani bishop ɗan Ailan, ya ji. A 1734 ya buga ƙaramin littafi mai suna The Analyst, inda ya kama masu lissafi da hannu a cikin tukunya: don ka raba da h dole ya zama ba sifili ba ne, domin ba a rabawa da sifili, don ka jefar da shi kuwa dole ya zama sifili. Ba ya yiwuwa abu guda ya kasance akwai a layi na uku, babu a layi na huɗu. Berkeley bai ce amsar ba daidai ba ce. Ya ce hanyar ce ba ta da gaskiya, kuma mutanen da ke yi wa masu addini dariya don sun yi imani da gaibu, su ma da gaibu suke aiki. Manufarsa kare addini ce, amma kibiyarsa ta sami inda ta nufa.

Me masana suka yi? Yawancinsu suka ci gaba da aiki. A nan ne na fara ganin ajin aiki da mutunci, domin ƙarni na 18 gaba ɗayansa ajin aiki ne, kuma babu ƙarnin da ya fi shi albarka a wannan fanni. Leonhard Euler ya riƙa juya jerin lambobi marasa iyaka kamar yadda ɗan koli ke juya kayansa, ba tare da neman izinin kowa ba, har ya gano cewa in aka tara 1 da 1/4 da 1/9 da 1/16 har abada, jimlar ita ce π² a raba da 6. A Faransa, Alexis Clairaut da Joseph Lalande da wata mata mai suna Nicole-Reine Lepaute suka shafe watanni suna lissafin yadda jan manyan duniyoyi zai jinkirta tauraruwa mai wutsiya ta Halley. Suka ce za ta fi kusantar rana a tsakiyar Afrilun 1759. Ta iso a Maris, kuskuren wata guda a tafiyar shekara saba'in da shida. Wanda ya iya wannan, wa zai tsayar da shi ya ce sai ya bayyana mene ne h?

Abin da ya ba ni mamaki shi ne inda gyaran ya fito. Daga ɗakin koyarwa ya fito. Muddin lissafi yana hannun mutum goma masu rubuta wa juna wasiƙa, ana iya dogara da basira. Da aka kafa makarantar École Polytechnique a Faris a 1794 don horar da injiniyoyi, sai ya zama dole malami ya tsaya gaban matasa ya faɗi abin da yake nufi. Augustin-Louis Cauchy ya ɗauki wannan nauyi fiye da yadda aka nema. Littafinsa Cours d'analyse na 1821 ya ɗora darasin a kan ma'anar iyaka, wato adadin da ake kusanta, ya kuma dage sai an tabbatar jerin lambobi yana da jimla kafin a tara shi. Hukumar makarantar ba ta yi murna ba. Ta sha nuna masa cewa injiniyoyi take so, masu gina gada da harba igwa, don haka ya rage nazari ya ƙara misalan aiki. A shekarar nan ma wasu ɗalibai suka yi masa ihu a aji. Juzu'i na biyu na littafin bai taɓa fitowa ba. Da na karanta wannan a ɗakin karatu da tsakar dare sai da na yi dariya ni kaɗai: ashe kawuna da malamata sun taɓa haɗuwa a Faris shekara ɗari biyu da suka wuce.

Cauchy ma bai tsira ba. Ya kafa wata ƙa'ida game da tara layuka marasa yankewa, sai wani matashi ɗan Nowe, Niels Abel, ya nuna a 1826 cewa akwai inda ba ta aiki. Richard Dedekind ya ba da labarin cewa a 1858, yana koyar da 'yan shekarar farko a Zurik, ya tarar bai da abin dogaro sai zane, domin ba wanda ya taɓa faɗin ainihin mene ne lamba irin tushen 2. Amsarsa ta fito a 1872. Wanda ya rufe ƙofar shi ne Karl Weierstrass, mutumin da ya yi shekara goma sha huɗu yana malamin sakandare a ƙananan garuruwa, har da koyar da motsa jiki da kyautata rubutu, kafin Balin ta kira shi a 1856. Shi ya mai da iyaka ta zama ciniki tsakanin mutum biyu. Kai ka faɗi kuskuren da za ka iya haƙuri da shi, komai ƙanƙantarsa; ni in faɗi yadda zan matso da h don kada in wuce shi. A misalinmu, in x ya zama 3, sakamakon rabon 6 + h ne. Ka ce kada ya nisanci 6 da fiye da 0.001, sai in ce to, h ya gaza 0.001. Duk abin da ka taya ina da amsa, kuma h bai taɓa zama sifili ba. Shi ke nan. Tambayar 1734 ta sami amsa bayan fiye da shekara ɗari da ashirin. A 1872 kuma Weierstrass ya gabatar da wani layi da ba ya yankewa ko'ina amma ba shi da santsi ko a ɗigo guda, abin da ido zai rantse ba ya yiwuwa. Daga ranar zane ya daina zama shaida.

Rabuwar aji biyu a Amurka tata ce daban. Frank Aydelotte ya shigo da tsarin karatun karramawa kwalejin Suwatmo a 1922, yana kwaikwayon Okusfod inda ya yi karatu. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, gwamnati ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya, aka kuma sami littattafai irin na Tom Apostol a 1961 da na Michael Spivak a 1967, waɗanda suka kawo Weierstrass gaban yaro ɗan shekara goma sha takwas. Na Spivak muka yi amfani da shi. A babinsa na farko ana tabbatar da cewa kowace lamba in aka ninka ta da sifili, sifili ce. Na zauna awa biyu a kan irin wannan tambaya, ina jin kamar an ce in kawo shaidar cewa ni ɗan mahaifiyata ne.

Ina ganin sunan karramawar nan ya yi wa ɗalibai ɓarna. Yana sa yaro ya ɗauka ana auna kaifin ƙwaƙwalwarsa ne, alhali tambayar ita ce wace ƙishirwa ke damunsa. Abokin ɗakina, ɗan Biyetnam mai karatun injiniya, ya zaɓi babban zaure ba tare da ko ɗar ba, kuma kafin Nuwamba yana warware lissafin tarawa da ni ban ko san ta inda ake kama shi ba, domin mu har lokacin muna fama da ma'anar iyaka. A darasin fizik shi ya riƙa ceto na. Da an ce Euler ya zaɓa, ban tabbata ba zai bi shi ba.

Ranar da wa'adin ya cika, takardar gwajina ta farko ta dawo da maki 11 cikin 30, an cika gefenta da jan biro. Na riƙe takardar sauya aji na nufi ofishin malamar. A bakin matakala na tsaya ina duba inda na faɗi, sai na ga a tambaya ta uku na raba da wani adadi ban nuna cewa ba sifili ba ne. Kuskuren da aka kama Newton da shi, ga shi da rubutun hannuna, kuma a karon farko ni na gan shi kafin in karanta abin da mai gyara ya rubuta. Na linke takardar sauyin na sa a aljihu.

Na gama zangon da makin da ya tsallakar da tallafina da ƙyar, bayan na ƙona dare a sauran darussa don su ɗauki nauyin wannan. Da na kira kawuna a Disamba, ya tambaya ko na bi inda jama'a suka bi. Na ce mu goma sha tara muka fara, goma sha ɗaya muka gama. Ya yi shiru, sa'an nan ya tambaye ni ko ina da rigar sanyi mai kauri.