Yadda Dutsen Kirinyaga Ya Shiga Hannun Masu Zane

Kakannin Kikuyu ba su da al'adar zana dutse a kan allo a rataye. Fuskantar Kirinyaga, wato Dutsen Kenya, suke yi. Mai gina bukka yakan juya ƙofarta ta kalli dutsen. In fari ya tsananta, dattawa su taru a gindin mugumo, wani nau'in ɓaure, su yanka rago, su ɗaga hannuwa wajen ƙololuwar nan mai farar ƙanƙara, domin a imaninsu can Ngai, Ubangijinsu, yake sauka. Daga can ne, in ji labarinsu, ya nuna wa kakansu Gikuyu ƙasar da zai zauna, ya tura shi Mukurwe wa Nyagathanga, inda ya tarar da matarsa Mumbi.

Hannun zane kam suna da shi. Samarin da za a yi wa kaciya sukan yi rawa da ndome, garkuwar katako da ake ɗaurawa a dantse, an sassaƙe ta an shafe ta da fari da ja da baƙi. In lokacin ƙanne ya zo, a kankare tsohon adon a yi sabo.

Sai baƙi suka iso. Bajamushe ɗan mishan Ludwig Krapf ya hango dutsen a 1849, Halford Mackinder ya hau ƙololuwarsa mai tsayin mita 5,199 a 1899, Turawa 'yan kama-wuri-zauna kuma suka mamaye filayen da ke kewaye. A ganina nan ne lamarin ya juya: da ƙasa ta suɓuce, dutsen ya zama shaidar cewa tana da masu ita. Shi ya sa Jomo Kenyatta ya sa shi a sunan littafinsa na 1938, Facing Mount Kenya.

Aikin da ya fi taɓa ni yana Murang'a, a majami'ar Angilika da aka gina don tunawa da Kiristocin da aka kashe a zamanin yaƙin Mau Mau. A 1959 Elimo Njau, matashin da ya yi karatu a Makerere, ya zana hotuna biyar a bangonta: haihuwar Yesu, baftismarsa, jibin ƙarshe, addu'ar Getsamani da gicciyewa. Ya zana Yesu baƙar fata, ya ajiye labarin cikin bukkoki da tuddan ƙasar Kikuyu. Ka tuna jinin yaƙi bai gama bushewa ba, kuma masu ibada a wurin 'yan'uwan waɗanda suka shiga daji ne da makamai. Njau kansa Bachagga ne daga gindin Kilimanjaro, ya san abin da dutse yake nufi ga mutanen da suka tashi a inuwarsa.

Da Kenya ta sami 'yanci a 1963, dutsen ya hau tambarin ƙasa: zakuna biyu tsaye a kansa, ga kofi da shayi da masara da abarba a gindinsa.

Mai zanen yau yana fama da wata matsala dabam. Farin da ya sa kakanni suka girmama ƙololuwar yana narkewa. Ƙanƙarar Lewis, mafi girma a dutsen, ta rasa kusan kashi 90 cikin 100 na jikinta tsakanin 1934 da 2010, don haka duk wanda ya ɗauki burushi sai ya zaɓa: ya zana dutsen da yake gani, ko wanda kakarsa ta ba shi labari.