Daga Zaure zuwa Wayar Hannu: Tarihin Zance da Tazarar Haihuwa a Zangonmu



Mu da muke riƙe da alƙalami a zauren mai girma Sarki mun lura da wani sauyi a irin ƙararrakin da ake kawowa. A da rigimar haya da ta gado su ne suka fi cika littafinmu. Yanzu da wuya wata ya wuce ba a shigo da maganar yaro da yarinya ba, kuma galibi sai bayan gari ya waye, ɓarna ta riga ta auku. Duk lokacin da aka zauna, sai wani dattijo ya ce a zamaninsu saurayi ba ya ko kallon budurwa. Muna girmama furfura, amma tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Kakanninmu sun bar samari da 'yan mata su gana, su yi hira, su san juna. Abin da suka yi shi ne sun ba ganawar wuri da lokaci da shaidu.

A ƙasar Hausa, inda fataken goro suka taso suka biyo hanyar Gwanja, kowane ƙauye yana da dandali. Idan damina ta wuce aka kai amfani gida, 'yan mata suna gaɗa a farin wata, makaɗa suna kiɗa, samari suna gefe. Akwai sarkin samari, akwai shugabar 'yan mata, kuma suna da ikon tsawatarwa da cin tara. A nan ido yake ganin ido. Idan saurayi ya ga wadda ta kwanta masa a rai, ba ya tare ta a lungu. Yakan je ƙofar gidansu bayan magariba tare da aboki, ya aiki yaro ya ce ana sallama da wance. Uwa ta ji, uba ya ji, maƙwabta sun gani. Yarinya ta fito da tabarma da fitila, ƙanwarta tana biye da ita. Idan ba ta so, sai yaron ya dawo ya ce wai ta yi barci, kuma duk mai hankali ya san fassarar wannan barci. Ta haka al'ada ta ba budurwa hanyar cewa a'a ba tare da ta ci mutuncin kowa ba, ta kuma koya wa saurayi ya karɓi a'a ya juya. Toshi da kuɗin zance suna biyo baya, sannan manya su shiga da gaisuwa da baiko da sa rana.

Ba za mu ɓoye ɓangaren da malamanmu suka ƙi ba. Akwai tsarance, inda samari da 'yan mata kan kwana wuri ɗaya suna hira bisa sharaɗin cewa ba za a ƙetare iyaka ba, kuma wanda ya ƙetare ya jawo wa gidansu abin kunya. Wata dattijuwa, Baba ta Karo, wadda ta ba Baturiya Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta yi bayanin wannan al'ada. Malamai sun yaƙe ta, kuma sun yi daidai, domin wanda ya ajiye auduga kusa da wuta ba shi da bakin zargin iska. Amma a labarin Baba akwai wani darasi da ya fi wannan nauyi. Aurenta na fari auren zumunci ne da manya suka ƙulla alhali zuciyarta tana wani wuri, kuma bai ɗore ba. Tun a wancan zamani, auren da ba a saurari yarinya ba yakan ƙare a gaban alƙali. Wanda ya yi karatun zaure ya san hadisi ya yi umarni a nemi izinin budurwa kafin a aurar da ita, ya kuma san an halatta wa mai neman aure ya ga wadda yake nema. Ikon da mazhabar Malikiyya ta ba uba a kan 'yarsa amana ce, an ba shi ne don maslahar yarinyar.

To, wa yake yi wa yarinya bayanin jikinta? Uwa dai kunya ta hana ta, musamman ga 'yar fari wadda ko sunanta ba ta faɗa. Al'ada ta san da wannan giɓi, sai ta cike shi da kaka da gwaggo. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, kuma a cikin wasan ake faɗin abin da ba ya faɗuwa a ɗakin uwa. Ranar da yarinya ta fara ganin al'ada, wurin kaka take gudu. Yaro kuma yana da kawu, yana da malamin da zai karantar da shi babin tsarki a Ahalari da Ishmawi da Risala, inda ake kiran balaga da haila da janaba da sunayensu ba tare da wani ya sunkuyar da kai ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman zamaninsa da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da na waje. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, tana naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Saboda haka yi wa budurwa bayani gadonmu ne tun kafin mulkin Bature.

Haka ma tazarar haihuwa. Mace takan tafi goyon ciki gidan iyayenta a haihuwar fari, ta yi wankan jego kwana arba'in, sau da yawa ta ƙara watanni kafin ta koma. Shayarwa tana kai kusan shekara biyu, daidai da abin da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara. Wadda ta yi ciki tana goyo, an ce ta yi kwanika, kuma tsofaffi sukan ɗora laifin a kan miji kamar yadda suke ɗora shi a kanta, domin sun ga yadda na goye yake ramewa. A cikin Muwaɗɗa akwai babi sukutum a kan azalu, kuma Imamu Malik ya ce miji ba zai yi shi da matarsa 'ya ba sai da izininta. A dubi wannan sharaɗi da kyau: fiƙihu ya mayar da tazara abin da ma'aurata za su zauna su tattauna. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki. Kakanninmu da ba su san hukumar ba sun riga ta isa wurin.

Da wannan kaya iyayenmu suka sauka a Salaga, kuma bayan yaƙin basasar 1892 suka watsu zuwa Karaci da Yeji da Kumasi da bakin teku. Alhaji Umaru na Karaci, wanda ya rasu a 1934, ya rubuta bayanin rayuwar Hausawa da al'adunsu. Baƙunci kuwa ya cinye al'ada. Gidan zango gidan haya ne: tsakar gida ɗaya, ɗakuna goma ko fiye, kowane ɗaki da iyalinsa da harshensa. Zauren da ake shimfiɗa tabarmar zance, mai gida ya toshe shi ya mayar da shi shago ko ɗakin haya. Dandali ya zama tashar mota. Kaka kuwa sau da yawa tana can Arewa, ko ta rasu ba ta ga jikokinta ba. Wurin ya tafi, mai bayanin ta tafi, kunyar ce kaɗai ta rage a hannunmu.

Akwai kuma dalilin da ya sa dattawanmu suke ɗari-ɗari da maganar tsarin iyali, kuma ya kamata matasa su san shi kafin su yi musu dariya. An amince da ƙwayar hana ɗaukar ciki a Amurka a 1960. A 1969 Ghana ta fitar da manufarta ta yawan jama'a, tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka yi haka, shirin tsarin iyali na ƙasa ya fara a 1970. A watan Nuwamba na wannan shekara ta 1969 gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙin da ba su da takardu, aka ba su mako biyu. Zanguna suka yi kuka, aka rabu da maƙwabta, aka sayar da gidaje a wulaƙance. Mutumin da aka loda ɗan'uwansa a mota jiya, yau aka zo aka ce masa ya rage haihuwa, me ake so ya fahimta? Wannan tabo ya daɗe, har ya hana mu jin cewa malaman Musulunci sun taru a Rabat a 1971 sun tattauna batun, kuma mafi yawan malamai sun bambanta tsakanin tazara ta ɗan lokaci da yardar ma'aurata, wadda suka halatta, da yanke haihuwa gaba ɗaya ba tare da larura ba, wanda suka hana.

Sauyin da ya fi kowanne girma shi ne na shekaru. A da yarinya tana aure tana da sha huɗu ko sha biyar, zance bai wuce 'yan watanni ba. Dokar Yara ta 1998 ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure a ƙasar nan. Tun 2017 sakandare ta zama kyauta, 'ya'yanmu mata suna karatu, kuma muna farin ciki da haka, domin mun binne waɗanda haihuwar ƙuruciya ta kashe, mun ga waɗanda yoyon fitsari ya raba da mazajensu. Amma ma'anar wannan ita ce tsakanin balaga da aure yanzu akwai shekara biyar, ko takwas, ko goma. Al'adar da aka ɗinka don watanni ba a faɗaɗa ta don ta rufe shekaru ba. A cikin wannan fili waya ta shigo. Saurayi ba ya bukatar yaron aike. Saƙo yana shiga ƙarƙashin matashin kai da tsakar dare, babu fitila, babu ƙanwa, babu wanda zai ce ta yi barci. Da aka yi ce-ce-ku-ce a 2019 kan koyar da ilimin jima'i a makarantu, da yawa daga cikinmu sun ƙi, kuma suna da hujjarsu. Sai dai mun ce kada makaranta ta faɗa, mu kuma ba mu faɗa ba.

Wata shari'a ta tsaya mana a rai. Yarinya ce 'yar ajin ƙarshe, mai ƙoƙari, ta sauke Alƙur'ani. Ta yi ciki, ƙawa ta haɗa mata wani jiƙo, aka kwashe ta zuwa asibiti jini yana zuba, Allah ya yi da sauran kwana. Da iyalan biyu suka zauna, mai girma Sarki ya tambayi uwar ko ta taɓa zama da 'yarta a kan waɗannan abubuwa. Ta rufe fuska ta ce, "Ranka ya daɗe, 'yar fari ce, da wane baki?" Ya juya ga uban yaron, shi kuma ya ce, "Allah ya ja zamaninka, namiji ne, na ɗauka ya sani." Yarinyar ta shaida wa gwaggonta daga baya cewa yaron ya ce mata karo ɗaya ba ya kawo ciki, kuma in ta ƙi, ba ta ƙaunarsa. Ƙarya biyu, kuma babu babba ko ɗaya da ya riga shi zuwa kunnenta.

Matsayinmu a kan zina shi ne matsayin addini, ba mu sassauta ba. Abin da muke koya wa 'ya'yanmu shi ne kamewa har aure. Amma kamewa tana bukatar sani. Ya kamata yarinya ta san karo ɗaya yana kawo ciki, ta san wanda ya matsa mata ko ya nemi hotonta na tsiraici ko yake binciken wayarta yana mata barazana ba masoyi ba ne, ta san wa za ta gaya wa ba tare da an fara da mari ba. Ya kamata yaro ya san a'a tana nufin a'a ko an sa rana, ya kuma san cewa kusantar yarinyar da ba ta kai 16 ba laifi ne mai kai mutum kurkuku a dokar Ghana, ko ta yarda. Waɗanda suke shirin aure kuma su ji gaskiya daga ma'aikaciyar jinya: akwai ƙwaya ta kullum, akwai allurar wata uku, akwai ashanar fata mai shekara uku zuwa biyar, kuma a cikinsu duka kwaroron roba ne kaɗai yake kare mutum daga cututtuka irin su ƙanjamau. Ƙwayar gaggawa da matasa suke saye a kantin magani ba a yi ta don amfanin yau da gobe ba. Shayarwa ma ba ta zama kariya abin dogaro sai a wata shida na farko, in jariri nono kaɗai yake sha kuma al'ada ba ta dawo ba. Sanin waɗannan bai taɓa sa mai tarbiyya ya lalace ba, kamar yadda karanta babin janaba bai lalata mu ba muna 'yan sha biyu.

Yarinyar da muka ambata ta warke. Tun 2018 hukumar ilimi tana da ƙa'idar mayar da ɗaliban da suka yi ciki makaranta, Sarki ya sa aka bi ta, ta koma ta rubuta jarrabawarta. Bayan wannan zama ya umarci Magajiya ta zaɓi dattijai mata huɗu da ungozoma ɗaya daga cikin 'ya'yan zango, suna zama da 'yan mata ranar Asabar bayan la'asar, limami da sarkin samari kuma suna zama da samari. Ya kuma roƙi masu gidaje cewa duk saurayin da ya zo da niyya a shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, a bar shi ya yi hirarsa a gaban fitila. Wasu sun karɓa, wasu sun ce Sarki ya buɗe ƙofar fitina, kuma mun rubuta maganar kowa a littafi. A zaman Asabar na farko 'yan mata bakwai suka zo. A na uku sai da aka aro benci daga makarantar allo, kuma biyu daga cikin masu zuwan iyaye mata ne, suka zauna a baya suna saurare.